Alhaji Ya Dawo Daga Birnin Sin

(Teburin mai shayi a Aboabo, Kumasi, bayan isha'i. Malam na jan carbi, Ɗan Boko na latsa waya. Sai ga Alhaji cikin sabuwar shadda, amma wuyan rigar ya yi masa yawa.)

MAI SHAYI: Maraba da mutanen Sin! Alhaji, barka da sauka. Ya hanya?

ALHAJI: Hanya lafiya lau, abin da ke ƙarshenta ne ba lafiya. Haɗa mini mai kauri, ka soya ƙwai, kuma don Allah ka yi ta yi mini magana, ko zagi ne. Kunnena ya yi kewar Hausa.

MALAM: Ai an ce a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne.

ALHAJI: Allah gafarta Malam, mai zuwa neman ilimin ya tafi da tafinta.

ƊAN BOKO: Baba Alhaji, ba a kan bencin nan ka ce kana jin yare 7 ba?

ALHAJI: Har gobe. Hausa, Tonanci, Dagombanci, Mosanci, Zabarmanci, Yarbanci, ga Turancin Kejetia. Daga Akara har Adis Ababa ina ta zuba a jirgi. Da muka sauka Guangzhou na jera wa mai tasi su duka, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara tsaf har na gama, sai ya miƙo mini sigari.

ƊAN BOKO: To ina manhajar fassarar da na sa maka a waya?

ALHAJI: Yauwa, dama kai nake jira. Google bai buɗe ba, WhatsApp bai buɗe ba, Facebook ma shiru.

ƊAN BOKO: Ai a toshe suke a can, sai da VPN.

ALHAJI: Yanzu kake faɗa, ɗan nema? Hajiya ta ji ni shiru, har ta fara tambayar mutane ko aure na yi. Ranar da na samu na kira ta, da hantsi ne, ƙarfe 9. Ashe sun riga mu da awa 8, ƙarfe 1 na dare ne a nan. Ta ɗauka da salati, ta ce wa ya rasu.

MAI SHAYI: Kasuwar fa? An ce ta fi Kejetia.

ALHAJI: Kejetia? Ka ɗauke ta ka ajiye a rumfa ɗaya ta Pazhou, sai ka nemi mai nuna maka inda take. Baje kolin Canton ke nan, tun 1957 suke ci, sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne kashi uku suke raba shi. Ni mai takalma da tabarmar sallah, na faɗa a kashin farko, na injuna da kayan lantarki. Na ɗaga ƙafa ina nuna wa wani takalmina, ya gyaɗa kai, ya ja ni ya zaunar da ni a kujerar tausa.

MALAM: Ka tashi dai?

ALHAJI: Malam, gaskiya sai da ta gama.

(Nan majalisa ta ɗan yi shiru don girmama gaskiya, abin da ba kullum ake samu a wurin Alhaji ba.)

ALHAJI: Takalma sai a kashi na uku. Na ce ba zan zauna otal na ci kuɗina ba, na faɗa kasuwannin gari. Can ciniki da kalkuleta ake yi. Ya buga kuɗi ya miƙo, ka goge ka buga naka, ya dafe ƙirji, kai ma ka dafe naka. Wannan yaren na iya shi tun ina yaron shago. Mun daidaita a kan silifa, sai ya tambaye ni da hannu, katan nawa. Na ɗaga babban yatsa da manuni. Mai shayi, nawa ke nan?

MAI SHAYI: Biyu mana.

ALHAJI: Malam?

MALAM: Biyu ne ko a gaban alƙali.

ƊAN BOKO: A Sin 8 ne. Da hannu ɗaya suke ƙirga har 9.

ALHAJI: Ka ji shi! Komai ya sani, amma sai bayan an yi jana'iza. Na ga mutum ya rubuta 8, na ce a'a, a'a! Na gicciya yatsu biyu a gaban fuskarsa, wato a soke, ban yarda ba.

ƊAN BOKO: Innalillahi. Wannan ai 10 ne.

ALHAJI: Shi ya sa ya rungume ni! Ya kira matarsa, aka kawo shayi, aka ɗauke mu hoto. Ni kuwa ina ta murna na ce mutanen nan akwai haƙuri, ka soke ciniki su ba ka shayi.

MAI SHAYI: Shayin nasu ya kai nawa?

ALHAJI: Ba madara, ba sukari, kofin kuma kamar murfin kwalba. Ko ruwan sha ka roƙa, mai zafi za su kawo maka, kana gumi suna murmushi.

MALAM: Abinci fa? Ka san wajibi ne mutum ya bincika.

ALHAJI: Na bincika, Malam, har da sauti. Na shiga wani gidan abinci na buɗe hannuwa na yi cara. Duk suka ajiye tsinkayen cin abincinsu suna kallona, wani yaro ya tafa. To an gane kaza. Saura yanka. Na ja yatsa a maƙogwarona, na nuna mai gidan.

MALAM: Subhanallahi!

ALHAJI: Sai ga mai gadi. Da ƙyar na fita da hulata. Daga nan na ce bari in nemi masallaci, inda Musulmi suke ba a rasa halal. Na tare tasi, na ɗaga hannuwa daidai kunne na yi kabbara. Ya ce ya gane. Ya sauke ni a shagon masu sayar da abin jin waƙa na kunne.

ƊAN BOKO: Da ka nuna masa hoton Ka'aba.

ALHAJI: Da ka bi ni. A ƙarshe dai Allah ya haɗa ni da wani tsoho mai farar hula, ya dube ni ya ce assalamu alaikum. Wallahi sai hawaye. Na riƙe hannunsa na ba shi labarin duk abin da ya same ni, da Hausa. Shi ma ya ba ni nasa da Sinanci. Ba wanda ya katse wani. Shi ya kai ni masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya, wanda suke cewa yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Liman ya ja Fatiha, na ce yau ga magana. Amin ɗina har sahun gaba sai da suka waiwayo.

MALAM: Alhamdu lillahi. Ka ga amfanin karatu.

ALHAJI: Shi ya nuna mini shagunan taliyar Lanzhou, ta Musulmi, da naman sa. Safe taliya, rana taliya, dare taliya. Na yi mafarkin tuwon zafi har da miyar ayoyo.

MAI SHAYI: Duk garin ba Bahaushe ko ɗaya?

ALHAJI: Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ana gobe zan taso na bi ta unguwar Xiaobei, sai na ji wani a bayana yana waya: "Kai dai ka turo kuɗin kawai." Na juya na cafke shi. Ashe nan 'yan Afirka suke taruwa, ga 'yan Kano, ga 'yan Yamai, ga masu aikin tafinta da masu haɗa kaya a kwantena. Tafiyar ƙafa ce daga otal ɗina.

ƊAN BOKO: Sai ya gyara maka maganar katan ɗin.

ALHAJI: Ya karɓi lada, muka koma. Suka yi ta magana da mai silifa, suna dariya, suna dubana, har aka sake kawo shayi. Na ce me ya ce? Ya ce, "Ya ce yana gaishe ka."

(Sai ga yaron Hajiya da takarda a hannu.)

YARO: Baba, Hajiya ta ce ejan ya bugo daga Tema, kaya sun iso. Wai katan 28.

ALHAJI: 28? 8 da 10 ai 18 ne!

ƊAN BOKO: Baba Alhaji, da kuka koma da tafinta, ka sake gicciya yatsu?

ALHAJI: Na nuna masa yadda na soke ne kawai...

MALAM: Masallacinmu dai na buƙatar silifan alwala.

MAI SHAYI: Kafin a kai ga sadaka, Alhaji, ƙwai nawa ka ce in soya?

(Alhaji ya ɗaga babban yatsa da manuni. Mai shayi ya jawo kiret.)

ALHAJI: Biyu! Biyun Aboabo! Ajiye kiret ɗin nan!