An bar jaki ana dukan taiki: magana da 'yan uwana masu kallon ƙwallo

Salamu alaikum 'yan majalisa, musamman ƙannena da muke haɗuwa a gidan kallo duk Asabar da Lahadi. Maganar nan ta daɗe tana cina, kuma na san wasu za su ce Yaya ya fara tsufa shi ya sa ya koma wa'azi, to ku faɗa, ni dai sai na amayar da ita. Kuma kar wani ya ɗauka daga gefe nake magana, ni ɗan Kano Pillars ne tun ina riƙe hannun kawuna muna kutsawa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, na ga kofin 2008, na ga uku a jere 2012 da 2013 da 2014, na ga shekarar 2009 da muka fitar da Al Ahly ta Masar muka je har kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka. In ana ihun Sai Masu Gida har da muryata a ciki, ta sha dishewa.

Abin da ya faru a watan Oktoban 2025 ranar wasanmu da Shooting Stars kowa ya gani, wanda bai je ba ya gani a waya. Muna gaba da ci ɗaya tun farkon wasa, ana dab da tashi suka farke, shi kenan sai mutane suka tsallako cikin fili suka bi alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi da duka da jifa, har sai da aka harba barkonon tsohuwa. To me muka samu? An ci kulob tarar naira miliyan 9.5, an cire mana maki uku da ƙwallo uku, an rufe mana fili aka ce mu koma Katsina. Wato maki ɗayan da muka samu a canjaras ɗin ma bai tsira ba, sai da muka biyo bashi. Ahmed Musa, mutumin da ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018, ya dawo gida ya karɓi ragamar kulob ɗin, shi ne ya koma yana ba duniya haƙuri saboda aikin da ba shi ya yi ba. Kuma ba yau farau ba, a 2022 ma haka aka farfasa motar Katsina United, aka cire maki, a ƙarshen kakar muka gangara rukuni na ƙasa. Kulob ɗin da ya yi kusan shekara 12 ba a ci shi a gida ba fa.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ba tarar ba ce, mai sayar da fiyawata ne da mai gyaɗa da mai rake da 'yan adaidaita da suke jiran ranar wasa su samu na cefane. Akwai wani dattijo da nake sayen gurasa a wajensa a bakin ƙofa, ranar wasa kafin a tafi hutun rabin lokaci tirensa ya ƙare. Wanda ya yi jifan nan bai san da zaman tsohon nan ba, ya huce haushinsa ya hau babur ya tafi gida.

Na san abin da za ku ce, lafari ne ya cuce mu, ya ƙara lokacin da ya wuce misali. To a ce ma haka ne. Ni ban ce alƙalan wasanmu mala'iku ba ne, kowa ya san a ligin nan cin wasa a waje sai an sha wuya, kuma idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma ku tambayi kanku, wa yake naɗa alƙalin, wa yake biyansa, wa ya kamata ya kawo jami'an tsaro isassu, wa yake riƙe da kuɗin da ake warewa wasanni? Ba ko ɗaya daga cikinsu da dutsenka yake samu. Wanda yake samu shi ne wani bawan Allah mai riƙe da tuta a gefen layi wanda ƙila a motar haya ya zo, shi ma yana da 'ya'ya a gida.

Haka muka yi a Abuja ranar 29 ga Maris 2022. Gana ta riƙe Super Eagles 1-1 ta tafi kofin duniya a Qatar ta bar mu, sai jama'a suka afka cikin fili suka kakkarya benci suka yayyage raga suka lalata ciyawar da Ɗangote ya kashe kuɗi ya gyara ba da daɗewa ba. FIFA ta ci mu tara ta ce mu buga wasa ba 'yan kallo. Ciyawa ce ta saki ƙwallon Partey na Gana ta shiga raga? Haka kuma bayan wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024 da Kwaddebuwa ta ci mu 2-1, aka taru a kan Alex Iwobi da zagi har da iyayensa, har yaron nan ya goge hotunansa a Instagram. Yaron da ya taso a Ingila, ya buga musu a ƙananan matakai, ya zaɓi ya sa koriyar riga. Wasu daga cikin masu zagin nan na san su, a benci ɗaya muke zama, kuma wallahi in aka ba su bal ba za su iya ɗagata sau biyar ba ta faɗi ba.

Yanzu ku dubi inda ainihin ciwon yake. A Nuwamban 2025 a Rabat, saura kwana biyu a buga wasan cike gurbi da Gabon, 'yan Super Eagles suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus da suke bi. Wasan da zai kai ka kofin duniya fa, amma ana rigimar kuɗin da ya kamata a ce an biya tuntuni. Aka lallaba aka ci Gabon 4-1, sai Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta cire mu a bugun fenareti, kociya Eric Chelle yana cewa wai an yi mana asiri. Kofin duniya biyu a jere ba mu, kuma a lokacin da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 aka ba Afirka gurbi tara kai tsaye. Har an cire wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, duk da haka ita ta ɗare saman rukunin. Su waye cikinmu suka tsaya suka tambayi hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ina kuɗin da FIFA da hukumar ƙwallon Afirka CAF suke turowa, me aka gina da shi, me ya sa kullum sai an yi bore kafin a biya 'yan wasa? Kwana biyu aka yi ana surutu, ranar Asabar aka dawo firimiya, kowa ya manta.

Wani zai ce a raba ƙwallo da siyasa. Ɗan uwa ba a taɓa raba su ba. Mutumin da filinmu yake ɗauke da sunansa, shi ne ya hana Super Eagles zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996 saboda saɓaninsa da Mandela bayan rataye su Ken Saro-Wiwa, CAF kuma ta hana mu na 1998. Tawagar su Yekini da Okocha da Amokachi da Amuneke kenan, a lokacin da take kan ganiyarta, kofi biyu suka wuce ta tana zaune a gida. A 2010 Jonathan ya ce ya dakatar da tawagar shekara biyu, FIFA ta zare ido ya janye. Ita FIFA ɗin mai cewa ba ruwanta da siyasa, kwana nawa ta ɗauka kafin ta kori Rasha a 2022? Amma a kan Gaza an yi ta kai ƙorafi ana ta jan ƙafa. Ga abin da aka yi wa 'yan wasanmu a Libiya a Oktoban 2024, aka karkatar da jirginsu zuwa Al Abraq aka bar su a filin jirgi suka kwana a kan kujeru ba abinci, sai da CAF ta ba mu ci 3-0 ta ci Libiya tarar dala dubu 50. Lura da wannan, ba wanda ya jefi kowa, kyaftin Troost-Ekong ya ɗauki hotuna ya rubuta abin da ke faruwa sa'a bayan sa'a, aka kai ƙara da hujja a hannu, aka samu maki uku. Mu kuma da muka ɗauki dutse maki uku aka cire mana.

Saboda haka ni ban ce ku bar maganar siyasa ba, abin da nake cewa mun juya abin ne. Mun ɗauki siyasa muna yinta kamar goyon bayan kulob, mun ɗauki ƙwallo muna yinta kamar yaƙi. Ɗan Madrid ba zai taɓa yarda fenaretin da aka ba su ba gaskiya ba ne ko da an nuna masa sau goma, to wannan a gidan kallo abin dariya ne, a yi musu a sha shayi a watse. Amma da wannan kan muke zuwa majalisa in an zo maganar gwamna ko sanata ko ciyaman, in naka ne duk abin da ya yi daidai ne, in na wancan ɓangaren ne ko rijiya ya haƙa sai ka ce ruwan da ɗaci. A Kano ma abin ya fi ƙamari, ana cikin musun Messi da Ronaldo sai ka ji an koma jar hula da wanda ba jar hula ba, daga nan a faɗa rigimar masarauta, kafin ka ankara abokai biyu da suka tashi tare sun daina gaisawa. Ƙungiya ba ta bin ka bashin komai in ka so ta, kai ma ba ka binta, so ne kawai. Shi kuwa ɗan siyasa ƙuri'arka ya karɓa, albashinsa daga kuɗinka ne, ba masoyinka ba ne, ɗan aikinka ne, in bai yi ba sai ka tambaye shi ko da hularku iri ɗaya ce.

Kuma ga 2027 tana matsowa, za ku fara ganin kofuna suna fitowa kamar naman kaza, kofin honorabul wane, kofin mai girma wane. Na buga irin wannan ina saurayi, ba labari aka ba ni ba. Wani ɗan takara da ba zan kama sunansa ba ya sa kofi a unguwarmu, aka raba mana jesi da hotonsa ɓaro-ɓaro a ƙirji, muka yi wata guda muna karya ƙafa a filin makarantar firamare mai tsakuwa, ranar wasan ƙarshe ya zo da jiniya da maroƙa ya yi alƙawarin zai zagaye filin da katanga ya sa ciyawa. Ya ci zaɓe. Filin nan yau rabinsa shaguna ne, kuma golanmu da ya karye a wuyan hannu a wasan kusa da ƙarshe mu muka yi karo-karo muka kai shi wajen mai ɗori. Ban ce kar ku buga ba, ku buga ku karɓi jesin ku sa, ai kuɗinku ne. Amma in ya zo miƙa kofi wani ya tashi cikin ladabi ya ce ranka ya daɗe filin da aka yi alƙawari wancan karon fa? Kuma in an gama gasa aka ce ku biyo motar kamfen da gora a hannu, nan ne za ku gane ba ƙwallo aka tara ku ku buga ba.

Wani abin da har yanzu nake jin kunyarsa, ranar 31 ga Mayun 2025 motar 'yan wasan Kano da suke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa gadar Dakatsalle, mutum 22 suka rasu, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. 'Ya'yanmu ne, ƙannenmu ne, sun kusa isowa gida bayan doguwar tafiya. A daren ranar aka buga wasan ƙarshe na zakarun Turai da PSG ta yi wa Inter 5-0, kuma ni da kaina ina gidan kallo, an yi salati an yi addu'a kafin a fara, ana take wasa kowa ya koma ihu. Sati guda muka yi muna maganar wannan 5-0 ɗin. Mutum nawa ne cikinmu suka tambayi wace irin mota aka ba su, direba nawa ne a tafiyar, yaushe za a gyara gadar?

Sai maganar caca, a taƙaice don na san ba a son ji. Rabin zafin da kuke gani a gidan kallo yanzu ba kishin kulob ba ne, tikiti ne ya tsinke. Yaro ya sa kuɗin cefanen mahaifiyarsa a kan wasa goma, tara sun shiga, na goma aka soke ƙwallo saboda satar gida, dole ya fasa benci. Hisbah ta rufe shaguna a 2024 amma abin yana cikin waya, kuma kun fi ni sanin haka.

Makon da ya wuce bayan an tashi wasa mai gidan kallonmu ya kashe janareto ya tsaya a bakin ƙofa da tocila yana ƙirga benci, biyu sun karye, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 da ƙyar yake mayar da kuɗin fetur. Ya ce daga yanzu duk ranar wasan Madrid da Barca sai ya raba zama, waɗannan dama waɗancan hagu, ya sa igiya a tsakani kamar ɗaurin aure. Aka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ni da wasu mutum uku mun ce za mu biya kafinta, wanda ya san da hannunsa a ciki ya same ni bayan sallar isha a wajen mai shayi ya kawo nasa, ba zan faɗi sunan kowa ba.