Rowar Wuta

OGA MAKO: Kai yaro, zo ka ga aikin manya. Osileta, mai samar da bugun agogo, na ba da bolt 3.3, aisi kuma, guntun cif ɗin da ke karɓar bugun, na son 1.8. Rizista biyu kawai na sa su rage ƙarfin wutar, kilo-om 15 a sama, 18 a ƙasa. Buga lissafi.

YARO: 1.8 cif, Oga. Amma ka leƙa sikof, na'urar da ke nuna siffar bugun, kuwa?

OGA MAKO: Lissafi ya fita, me zan leƙa?

YARO: Ai da kusurwa bugun ya shiga, ga shi ya fito yana hawa kamar tsoho a tudu.

OGA MAKO: Yana dai kaiwa ko?

YARO: Da ƙyar. Ƙafar aisin nan na ajiye caji na fikofarad kamar 5, rizistocinka biyu kuma a wurinta tamkar guda ɗaya ne mai kilo-om 8. In ka ninka, jinkirin nanosakan 40 ke nan. Mu kuwa megahaz 10 muke gudu, rabin bugu nanosakan 50 ne duka-duka.

OGA MAKO: To saurin me ake yi?

YARO: Aisi ba ya ƙirga bugu sai ya tsallake wajen bolt 0.9. In hawan a tsaye yake, hayaniyar wuta ba ta samun wurin kamawa. In a kwance yake, 'yan milibolt kaɗan sun isa su sa wannan bugu ya yi sammako, na bayansa ya makara. Rawar lokacin bugu da ake gudu ke nan.

OGA MAKO: To cire su duka, haɗa kai tsaye. An ma huta.

YARO: Sai dayod ɗin kariya na cikin aisin ya shanye rarar. In ya ƙone, Allah Ya jiƙan rai.

OGA MAKO: Tir! To me kake so?

YARO: Om 150 da 180. Rabon bai canza ba, jinkirin ya koma ƙasa da rabin nanosakan.

OGA MAKO: Wuta nawa za su ja?

YARO: Miliam 10, in osiletan zai iya bayarwa.

OGA MAKO: Innalillahi! Daga 0.1? Ninki ɗari! Gadon ubanka ne?

YARO: To a sa ƙaramin aisi 74LVC1G04 a tsakani, a ba shi bolt 1.8, ya fitar da bugun a 1.8. Bakinsa na jure har 5.5. Sai dai yana son regileta, wato mai daidaita wuta, mai tsabta, don duk dattin da ke wutarsa a lokacin bugu yake fitowa.

OGA MAKO: Na tambayi abu ɗaya, ka kawo mini cefane biyu.

YARO: Saura ɗaya. A bar rizistocinka, a ɗora kafasita, mai ajiye caji, a kan na sama, yadda ake yi wa tsinken sikof. 15 sau shi ya zo daidai da 18 sau 5. Fikofarad 6.

OGA MAKO: Shida kacal? Miƙo guntun waya biyu masu riga, in murɗe su tare.

YARO: Zai yi, Oga. Amma ko hannu aka kai kusa, sai ƙimar ta motsa.

OGA MAKO: To daga yau hannunka a aljihu.

YARO: Da me zan yi soda?

OGA MAKO: Wa ya ce za a kunna ƙarfen soda? Ka san wutar da yake ci?