Kafin ku ce koci bai san aikinsa ba

Samari masu raba dare kuna kallon ƙwallon zari-ruga na jami'o'in Amurka (American football), ku ba ni aron hankalinku. Da zarar an doke ƙungiyarku da ƙyar, tun 'yan wasa ba su bar fili ba kun riga kun yanke hukunci: koci ya sa kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo) ɗin da bai dace ba, da na benci aka sa da an ci. Daga nan sai zagi, har da iyayen yaron da bai fi shekara 20 ba. Wannan ba sharhi ba ne, ɓacin rai ne kawai.

Ku tuna jami'o'in Georgia da Alabama ranar 1 ga Disamba 2018 a Atlanta, wasan ƙarshe na gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka. Georgia ta kai 28 da 14, Alabama ta farke. Saura kusan minti uku ana kunnen doki, Georgia na tsakiyar fili, tana neman yadi 11 a damarta ta huɗu, wadda in ta gaza ƙwallo zai koma hannun Alabama. Sai kocin Georgia Kirby Smart ya yi kamar za a buga ƙwallon da ƙafa, ashe ya cusa Justin Fields, kwatabak ɗinsa na benci, cikin sahu don a yi wa Alabama wayo. Wayon bai ci ba, yadi 2 kacal Fields ya samu. Jalen Hurts na Alabama, wanda ya shigo bayan kwatabak ɗinsu Tua Tagovailoa ya ji rauni, ya ruga ya ci, Alabama ta yi nasara 35 da 28.

To, a nan akwai abin suka, ni ma ina sukarsa. Alabama ba ta ruɗu ba, ta bar masu tsaron bayanta a fili, kuma kowa ya ga Fields tun kafin a taɓa ƙwallo. Kamata ya yi Smart ya dakatar da wasa ya sake shawara. Kun ga wannan suka ce mai hujja, domin ta dogara da abin da kocin ya gani da idonsa a lokacin.

Amma masu cewa tun farko Fields ya kamata a ba ragama, a ajiye babban kwatabak na Georgia, Jake Fromm, da me suka dogara? Fromm ya jefa ƙwallo sama da yadi 300 a daren nan, kuma shi ya kai Georgia wasan ƙarshe na ƙasa a kakar da ta gabata. Sai da Fields ya koma jami'ar Ohio State ya yi fice a 2019 kowa ya zama gwani. Bayan tiya kowa boka ne. Koci yana ganin yaran nan a atisaye mako guda cur, ya san wanda ya haddace tsarin wasa, ya san mai ɓoye ciwo. Ku kuwa awa uku kuke gani ta talabijin, rabinta ma talla.

Smart ɗin nan dai aka sake taso wa a Disamba 2021, bayan Alabama ta doke shi 41 da 24. Magoya baya suka dage sai ya cire kwatabak ɗinsa Stetson Bennett, yaron da ya fara shiga ƙungiyar ba tare da tallafin karatu ba, ya sa JT Daniels. Ya yi kunnen uwar shegu da su. A Janairu 2022 Bennett ya doke Alabama 33 da 18, Georgia ta ɗauki kofin ƙasa karon farko tun 1980, shekarar da ta biyo baya kuma suka yi wa jami'ar TCU ta Texas 65 da 7 a wasan ƙarshe.