Tsunamin 2004: hannun jama'a ya riga na gwamnati, amma bai kai ko'ina ba

Da safiyar ranar Lahadi, 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku daura da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya, ta tayar da igiyar ruwan da ake kira tsunami. Kafin rana ta faɗi ruwan ya ci mutane kusan 230,000 a ƙasashe 14, ya kai har gaɓar Somaliya inda ya rushe garin masunta na Hafun. Mafi yawan mamatan 'yan lardin Aceh na Indonesiya ne, al'ummar Musulmi da ake yi wa ƙasarsu kirari da zauren Makka saboda daga nan alhazan yankin suke shiga jirgin ruwa a zamanin da. Duk wanda ya ga hoton babban masallacin Baiturrahman yana tsaye a tsakiyar Banda Aceh, ɓaraguzai da gawawwaki sun kewaye shi, ba zai manta ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da ya sa na dawo da wannan magana shi ne yadda aka yi agajin, domin har yau ina ganin ba mu gama ɗaukar darasinsa ba. A kwanakin farko gwamnatoci sun yi nauyin hannu. Amurka ta fara da alkawarin dala miliyan 15, Birtaniya kuma fam miliyan 15. Jan Egeland, wanda yake jagorantar ayyukan agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya fito ya zargi ƙasashe masu arziki da rowa, maganar ta yi wa Washington zafi ƙwarai. Amma ba maganarsa kaɗai ce ta motsa su ba. Talakawan ƙasashen ne suka kunyata shugabanninsu. Cikin 'yan kwanaki abin da mutanen Birtaniya suka tara daga aljihunsu ya wuce alkawarin gwamnatinsu, har ta ɗaga nata zuwa miliyan 50, daga baya 75, yayin da asusun haɗin gwiwar ƙungiyoyin agajin ƙasar ya ƙare da fam miliyan 392. Amurka ta koma dala miliyan 35, kafin shekarar ta fita ta kai miliyan 350. A Saudiyya ma gidauniyar da aka buɗe a talabijin ta tara fiye da abin da gwamnati ta ambata da farko. Da aka haɗa lissafi, an samu kimanin dala biliyan 13.5 daga duniya baki ɗaya, kuma sama da biliyan 5 daga ciki kuɗin jama'a ne.

Ina girmama wannan kyauta, kuma ba na tare da masu raina ta. Ɗan makarantar da ya ba da kuɗin karinsa da tsohuwar da ta yanki wani abu daga fanshonta ba su san kowa a garin Meulaboh na Aceh ba, ba su kuma jiran godiya daga kowa. Kuɗinsu ya fi na gwamnati tsabta ta wata fuska, domin su sun bayar ne a take, gwamnati kuwa alkawari take yi, alkawari kuma kaya ne da ba kowa ke sauke shi yadda ya ɗauka ba. Ostareliya ta yi shelar dalar ƙasarta biliyan ɗaya ga Indonesiya, adadin da ya cika kanun labarai, amma rabinsa rance ne mai sauƙin ruwa, kuma a kan shekara biyar aka shimfiɗa shi. Ƙasashen da ke bin waɗanda bala'in ya shafa bashi sun yarda su jinkirta karɓa, ba su yafe ba. Mai karanta jarida yana ganin adadi, ba ya ganin waɗannan sharuɗɗa.

Duk da haka, zalunci ne a ce gwamnatoci ba su yi kome ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa a bar wa jama'a da ƙungiyoyi harkar agaji. Lokacin da ruwa ya share hanyar gaɓar yammacin Aceh da gadojinta, jiragen sama masu saukar ungulu na sojojin ƙasashe ne suka kai abinci da ruwan sha ƙauyukan da aka yanke. A watan Afrilun 2005 gwamnatin Indonesiya ta kafa hukumar sake gina Aceh da tsibirin Nias ƙarƙashin Kuntoro Mangkusubroto, ta yi shekara huɗu tana aiki, kuma a ƙarƙashin kulawarta aka gina gidaje kimanin 140,000. Ba don hukuma irin wannan ba, da ɗaruruwan ƙungiyoyin da suka kwarara lardin sun ci gaba da tuntuɓe da juna, domin an ga inda aka raba wa masunta kwale-kwalen da bai dace da tekunsu ba, an ga gidajen da aka gina cikin gaggawa sai da aka sake su. Kuɗi ya yi yawa, kowa yana son ya nuna wa masu bayarwa hoton abin da ya yi. Sulhun da aka sa wa hannu a Helsinki ranar 15 ga Agusta, 2005, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin kusan shekara talatin tsakanin gwamnati da 'yan awaren Aceh, shi ma ba gidauniya ce ta haife shi ba. Haka tsarin gargaɗin tsunami na Tekun Indiya, wanda babu shi a 2004 kuma ya fara aiki a 2006.

Inda abin yake damuna shi ne dalilin da ya sa hannun jama'a ya buɗe haka. Bala'in ya faɗo washegarin Kirsimeti, mutanen Turai suna gida a gaban talabijin. 'Yan yawon buɗe ido sun ɗauki bidiyon ruwan yana shigowa otal-otal a Phuket da Khao Lak na Tailan, kuma Suwidin da Jamus kowacce ta rasa mutanenta sama da 500. Gani ya kori ji. Masu binciken da suka tantance agajin daga baya sun lissafa cewa an samu sama da dala 7,000 a kan kowane mutum ɗaya da tsunamin ya shafa, alhali ambaliyar Bangaladesh ta wannan shekarar dala 3 kacal aka kashe a kan mutum ɗaya. Ba na cewa an ba mutanen Aceh fiye da haƙƙinsu, domin wanda ya binne iyalinsa gaba ɗaya babu adadin da zai biya shi. Ina cewa ne tausayin jama'a yana bin abin da ido ya gani, saboda haka gwamnatin da take jiran jama'a su motsa kafin ta motsa ta bar aikinta, wanda shi ne ta riƙa duba inda kyamara ba ta je ba.

Mu ba sai an ba mu labarin wannan ba. A daminar 2004 fari da farin dango sun cinye amfanin gona a Nijar, kuma tun kafin shekarar ta ƙare an yi ta gargaɗin cewa yunwa na tafe. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, abin da bai kai ƙwayar gero ba a cikin buhun tsunami, amma gwamnatocin da suka yi ta rige-rigen ƙara alkawari a watan Janairu suka yi shiru. Sai da aka nuna yaran Maraɗi masu fama da tamowa a talabijin a watan Yuli kafin agaji ya fara zuwa da gaske, a lokacin kuwa iyaye mata da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa sun riga sun rufe 'ya'yansu.

A cikin duk wannan al'amari, abin da ya fi burge ni wata ƙungiya ce ta yi shi. Kwanaki kaɗan bayan tsunamin, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa abin da ta samu ya ishe ta aikin gaggawar da za ta iya yi a yankin, ta roƙi mutane su daina aiko mata da kuɗi da sunan tsunami. Wasu ƙungiyoyin sun ji haushi, suna ganin za ta sanyaya wa masu bayarwa gwiwa. Ita kuwa ta koma ga waɗanda suka riga suka bayar, ta nemi izininsu ta karkatar da rarar zuwa wuraren da aka manta, kuma mafi yawansu suka amince. Daga cikin wuraren da kuɗin ya je akwai Nijar, inda a 2005 ƙungiyar ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa, mafi yawansu a jihar Maraɗi.