Hujjar jigon waƙa tana cikin baitocinta

Ɗalibai da yawa sun ɗauka idan aka san tarihin marubuci, to an san abin da waƙarsa ke nufi. Wasu kuma cewa suke waƙa ai kowa da fahimtarsa, don haka duk abin da mutum ya faɗa daidai ne. Duka biyun kuskure ne, amma na farkon ya fi yaudara, domin kama da ilimi yake yi.

Ɗauki waƙar Sa'adu Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". An san Zungur da gwagwarmaya da alaƙa da NEPU, jam'iyyar siyasar da ta yi adawa da zaluncin sarakuna a Arewa, sai mai gaggawa ya yanke cewa waƙar kira ce a rushe sarauta. Wanda ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya zai ga akasin haka: mulukiya, wato mulkin sarauta, yake so ta ɗore, gargaɗi yake wa sarakuna su gyara halinsu su yi adalci, har ya kawo musu abin da ya sami sarakunan Indiya domin su ɗauki izina. Zafin harshensa a kansu zafin mai nasiha ne.

Saboda haka idan ka ce jigon waƙa, wato babban saƙonta, kaza ne, kawo ɗango, wato layin baiti, da ya nuna hakan, ka bayyana yadda kalmominsa suka kai ka can. Kuma baiti ɗaya bai isa ba, sai ka duba ko na gabansa da na bayansa sun yarda da kai. Tarihin marubuci yana taimakawa, amma bayan an karanta waƙar.