Masabar Babanmu Tana Kulle a Ɗaki

Asabar ɗin da ta wuce wani ɗan haƙorin roba ya karye a keken ɗinkin uwargidana, na zaga Agege kaf ban samu irinsa ba. Wani yaron unguwarmu da ke karatu a kwalejin fasaha ta Yabatech ya ce, "Kawu, mu je Yaba, za a ƙera maka sabo."

Wurin da ya kai ni ɗaki ne dogo a saman bene. Bango guda an manna masa allo, kowace sifana da filaya da sukudireba an zana siffarta da fenti, in ka ɗauka gurbinta na nan yana jira ka mayar. Ga teburin liƙa waya da dalma, ga injin huda ƙarfe, ga wani mai yanka katako da haske. Ba wanda zai ce nasa ne. Kowa na biyan kuɗin wata, da shi ake haya da man janareto da intanet. Wata budurwa Bayarabiya ta auna haƙorin, ta zana shi a kwamfuta, wani inji ya dinga narkar da zaren roba yana shimfiɗawa hawa-hawa har abu ya fito. Sai ta juyo min da allon, tana nuna min yadda ta yi, ba tare da na roƙa ba. Ba ta tambayi ko ni yaron wa ne ba.

Yaba ta saba da wannan. Tun 2011 aka buɗe cibiyar ƙirƙire-ƙirƙiren fasaha ta CcHUB a titin Herbert Macaulay, inda mai Facebook ya ziyarta a 2016.

Muna shirin fita wani saurayi ya ce ai mu 'yan Arewa ba mu san irin wannan ba. Raina ya sosu. Bai taɓa shiga Panteka ta Kaduna ba, inda ake mayar da tsohon ƙarfe injin niƙa, bai ga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba, bai san karofin Ƙofar Mata ya haura shekara ɗari biyar marina na aiki kafaɗa da kafaɗa ba. Aron kayan aiki a jininmu yake.

Amma a motar danfo ina komawa gida, na kasa yi wa kaina ƙarya. Guduma muna ara wa juna, ilimin ne muke rowa. Yaro zai shekara biyar yana zuga, ranar da aka zo wurin sirrin aikin sai oga ya aike shi sayen goro. Hujjarsu kada yaro ya buɗe shago kusa da naka, kuma na san ana yin hakan. Duk da haka tsarin Yaba ya fi namu, nesa ba kusa ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, maƙeri ne a Kano. Tun rasuwarsa uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zuginsa suna kulle a ɗakin zaure, saboda mun kasa daidaitawa kan gado. 'Ya'yan yayana biyu da ya kamata su gaji wutar nan, acaɓa suka zo yi Legas, har aka hana shi a manyan ƙananan hukumomi a 2022. Yanzu dako suke yi a kasuwar Mile 12.

Daren nan na kira Yaya na ce a buɗe ɗakin, na yafe kasona, duk yaron unguwa mai so ya shigo. Ya yi shiru, sannan ya ce bai ma san inda mabuɗin yake ba.