Ciki wata uku, kowane likita na tura ni wajen ɗan'uwansa

Shekarata 36, shekara huɗu ke nan ina fama da cutar Fakinsin, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki, wadda mutane suka ɗauka tsofaffi kaɗai take kamawa. Yanzu Allah Ya ba ni ciki, kuma wallahi yawon neman amsa ya fi laulayin ci mini rai.

Tambayata ɗaya ce: in ci gaba da shan magungunana ko in daina? Likitan ƙwaƙwalwa ya ce in tambayi likitan mata. Likitan mata ya juya katina ya ce ba fanninsa ba ne. Wata ma'aikaciya a wajen awo kuwa, ko katin ba ta buɗe ba, ta ce, "Mai ciki ba ta shan waɗannan, ki ajiye su duka." Haba! Mai shan lebodofa, babban maganin cutar nan da nake sha, in ya yanke shi rana ɗaya, jikinsa na iya sandarewa, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, har a rasa rai. Kuma a duk magungunan cutar nan, shi aka fi gwadawa a jikin masu ciki.

Wanda ya kamata a raba ni da shi tun kafin in ɗauki cikin shi ne amantadin, don ana tsoron ya taɓa halittar zuciyar jariri. Na faɗa musu ina son haihuwa, da bakina, ba sau ɗaya ba. Babu wanda ya ce uffan. Sai da cikin ya kai sati bakwai aka fara zare mini shi.

Da amai ya matsa, aka rubuta mini metoklofiramaid, maganin da ke toshe aikin sinadarin dofamin, wanda ƙarancinsa shi ne ciwona! Kwana uku na kasa ɓalle maɓallin rigata. Kofin ruwa sai mijina ya riƙe mini, rabinsa na zubewa a ƙirjina. Maganin ƙarin jini ma tare nake haɗiye shi da lebodofa, ashe yana hana lebodofa shiga jiki yadda ya kamata, sai an ba da tazarar awa biyu. Mai ba da magani ne ya ankarar da ni, bayan wata guda.

Me zai hana likitocin nan biyu su ɗaga waya su yi magana a kaina na minti biyar? Saura sati takwas a duba zuciyar yaron nan a hoto, kuma tun da na ji zancen amantadin ban yi barcin kirki ba.